Jar Motar Yaya

Da farcen babban yatsa bakanike ya ɓare shi. Ɗan guntun baƙin salatif ne, an yanke shi da kyau an manna a kan gilashin dashbod, daidai inda baƙi ya haɗu da baƙi. Yana ɗage shi sai ga wata jar fitila a ƙarƙashi tana ci abinta, kamar ta daɗe tana jiran wanda zai kalle ta.

"To, ga maganin da aka yi mata," in ji bakanike, ya miƙa wa Auta salatif ɗin a kan yatsa. "Wanda ya yi wannan aikin ya iya riƙe almakashi."

Auta ta karɓa ta juya shi a tafin hannu. Mijinta, wanda kowa a layinsu yake kira Mai Hoto, yana tsaye a gaban motar ya riƙe murfin injin, saboda ƙarfen da ke tokare shi ya daina aiki. Shi dama ba mai yawan magana ba ne, in ba wajen ce wa mutane su ɗago haɓa ba.

Motar ja ce, irin ta tsere, ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta kusan a ƙasa. Yayan Auta ne ya sayar musu da ita. Ya karɓi farar bas ɗin da Mai Hoto yake loda fitilu da labule da sandunan kyamara in za shi aiki, ya haɗa da ɗan abin da suka daɗe suna tarawa. Mai Hoto ya yi tunanin jar mota za ta jawo masa masu son hoton gayu, kuma in an faɗi gaskiya, tun yana yaro yake manna hoton irinta a bangon ɗakinsa. Yaya ya san haka.

Bakanike ya kwance murfin baƙin mai ya nuna musu bayansa. Wani abu ne maƙale a jiki mai kama da madarar da ta lalace.

"Gaskit ɗin kan injin ya ƙone. Ruwa yana shiga baƙin mai. Da safe tana wahalar tashi, ta yi ta farin hayaƙi, ko ba haka ba?"

"Haka ne," in ji Mai Hoto.

"In an shiga cunkoso ta ɗau zafi."

"Da jarkar ruwa nake yawo."

"Da kuka je duba ta, injin da ɗumi kuka same shi ko a sanyi?"

Mai Hoto ya dubi matarsa. Auta ta tuna. Duk zuwan da suka yi, da yamma Yaya yake ce musu su zo. Kuma duk zuwan, suna isa zai fito yana kaɗa mukulli ya ce, "Kun taki sa'a, yanzun nan na dawo da ita daga unguwa."

"Mota mai irin wannan ciwo, in ta yi ɗumi sai ta yi ta magana mai daɗi kamar mai neman aure," in ji bakanike. "Da safe ake sanin halinta."

Daga nan ya zagaya da su yana nuna musu sauran. Tayoyin baya sun fi na gaba faɗi, sun sha ƙasa har zare ya leƙo, kuma guda ɗaya daga cikinsu tana cinye kuɗin tayoyin bas gaba ɗaya. Giya tana fizga in za ta canza. Cikin motar ya daku a kan tudun rage gudu har kaskon mai ya lotse. Birki ya cinye. Baƙin manta ma ba irin na kowa ba ne. Kayan gyaran kuwa sai an yi odarsu daga waje, a zauna a jira.

"Irin wannan motar," ya ce yana goge hannu, "sayenta shi ne abu mafi arha a cikin lamarinta."

Auta ta naɗe salatif ɗin a cikin guntun takarda ta jefa a jakarta.

Washegari suka je gidan Umma, inda Yaya yake biyowa kullum in ya rufe shagonsa na fenti da bututu. Farar bas ɗinsu tana ƙofar gida, an riga an ɗaura mata bututai a saman rufi. Auta ta kawar da kai ta shige.

Mai Hoto ne ya yi bayani, a hankali, kansa a ƙasa, kamar shi ne ya yi laifin. Yaya yana kishingiɗe a doguwar kujera yana sauraro. Da aka zo maganar salatif sai ya tashi zaune.

"Wane salatif? Ni ban san wani salatif ba." Ya juya ga mahaifiyarsu. "Umma, ke shaida ce. Motar nan lafiyarta ƙalau na ba shi. Ko tari ban taɓa jin ta yi ba. Ba hayaƙi, ba zafi, ba komai. In na san tana da wata matsala na ɓoye, kada Allah Ya sa wa kasuwata albarka."

"Kai Babba, bar rantsuwa," in ji Umma.

"Dole in rantse, tunda an zo da ni gabanki kamar ɓarawo. Mota ce ta manya, tana son hannu. Mai Hoto, kai da ka saba da tuƙa akwatin kaya, ina ruwanka da injin tsere? Ka je ka taka ta kamar kana kashe kyankyaso, ka ƙona ta, yanzu ka ce Yaya." Ya yi dariya. "Ka ɗauke ta hoto mana, ai shi ka iya."

Umma ta dubi ɗanta na fari, ta dubi 'yar autarta. A duniya ba abin da ta tsana irin rigimar 'ya'yanta, kuma ba ta taɓa yarda cewa Babba zai rantse mata a kan ƙarya ba.

"Auta, ki yi haƙuri. Yayanki ya ce bai sani ba. Abin hawa ne, yau lafiya gobe babu."

Auta ta ce, "To, Umma." Ba ta fito da takardar da ke jakarta ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Motar ba ta ɗaukar ko da sandar fitila guda, don haka in an kira Mai Hoto aiki sai ya nemi hayar mota, kuma masu haya ba sa jiran mutum ya gama aiki. Ya yi latti a bikin yaye ɗalibai na wata makaranta da ya daɗe yana yi wa aiki, suka ba wani. Wata babbar fitilarsa ta fashe a but ɗin tasi. Wani kamfani da yake ɗaukar musu hoton taro suka daina kira. Ya fara maganar ko ya rufe shagon ya je ya yi aiki a ƙarƙashin wani. Jar motar kuwa tana tsaye a ƙofar shago, kaji suna fakewa a ƙarƙashinta.

Aikin Auta a shagon shi ne kwamfuta. Ita take gyara hotuna, ta share ƙuraje, ta daidaita haske, ta cire labulen shago daga bayan mutum ta sa masa lambu ko bene. Wata rana da hantsi tana zaune tana cire wa wani tsoho inuwa daga fuska, sai ta ɗaga kai ta hango wasu samari biyu sun jingina da motar, ɗaya yana ɗaukar ɗaya da waya. Ta daɗe tana kallonsu. Abin da ya faɗo mata a rai keke ne.

Suna yara, Yaya yana da wani keke. Da sarƙarsa ta tsinke, ƙafar taka shi ta karye, sai ya kira ta ya ce ya ba ta kyauta, har da sa ta yi godiya. Ba ta iya hawansa, don haka ta wanke shi, ta ɗaura masa ƙyallaye masu launi, ta jingina shi da bango ta zauna a kai tana ƙararrawa da baki. Kafin yamma yaran layi sun yi jerin gwano suna roƙon a bar su su zauna. Yaya ya dawo ya ga taron. Ya ture ta ya ɗauke kekensa, ya ce dama aro ya ba ta. Haka ya yi mata da rediyo, haka ya yi da ɗakin da ke kusa da ƙofa. Abin da ya yar bai dame shi ba, sai ya ga wani yana jin daɗinsa.

Ta tashi ta ɗebo ruwa da sabulu.

"Me kike yi?" in ji Mai Hoto da ya fito ya same ta tana wanke taya.

"Shawarar Yaya zan bi. Ya ce mu ɗauke ta hoto."

Ta goge motar har mutum yana ganin haƙoransa a jikin ƙofa. Ta sa aka rubuta allo: hoto da motar tsere. Samari suka fara zuwa, sannan 'yan mata rukuni-rukuni, sannan wani magidanci mai tumbi wanda ya shiga ya kasa fita sai da mai walda na kusa da su ya jawo shi. Kowa ya zaɓi inda yake so a kai shi. Auta tana da gada, tana da bakin tafki, tana da hanya mai lanƙwasa a tsakanin duwatsu. Ta san yadda ake sa inuwa a ƙarƙashin taya, da yadda ake watsa ɗan ƙura a gefen ƙofa don a ga alamar tafiya. Masu zuwa duk sun san aikin kwamfuta ne, shi suka biya a yi musu. Abin da ake samu bai maye gurbin aikin waje ba, amma ya hana a rufe shago.

Sai ta sa mijinta ya zauna a sitiyari, ita ta jingina da murfin injin, mai walda ya danna musu kyamara. Ta kai su bakin tafki. Ta yi aikin nan da natsuwar da ba ta taɓa yi wa hoton kowa ba, har da hasken ruwa a gilashin gefe. Ta tura a zauren danginsu na waya, ta rubuta a ƙasa, "Mun gode Allah."

'Yan uwa suka yi ta yabo. Yaya bai ce komai ba, amma ta ga alamar ya buɗe.

Bayan 'yan kwanaki ta tura na hanyar duwatsu. Ranar ta roƙi mai walda da mijinta suka tura motar cikin farfajiyar walda suka ja ƙofa, saboda ta san ranar ce Yaya yake bi ta layinsu in za shi sarin fenti. Ta hango farar bas ta rage gudu a gaban shago, inda motar ta saba tsayawa, sannan ta wuce.

"Auta," in ji Mai Hoto da suna cin abincin rana, "wannan abin da kike yi, ina za shi?"

"Bas ɗinka zai dawo da ita."

"Da yaudara?"

"Na ce wa wani mun gyara mota? Na ce mun je tafki? Cewa na yi mun gode Allah. Kai ba ka gode maSa ba?"

"Yayanki ne fa."

"Shi ya sa na san inda zan kama shi. Kai surukinsa ne, kunyarsa kake ji. Ni tare muka sha nono ɗaya, ba abin da zan ji." Ta ajiye cokali. "Ya zauna a gaban Umma ya ce ka taka ta kamar kana kashe kyankyaso. Kai ka manta, ni ban manta ba. In na kwanta da maganar nan nake kwana."

Mai Hoto ya daɗe yana juya abinci a faranti.

"In ya tambaye ni, gaskiya zan faɗa masa."

"Ka faɗa masa ko bai tambaya ba. Ina so ma ka faɗa."

Abu ɗaya ta kashe wa kuɗi. Ta kira bakanike ya zo ya canza birki, ya samo tayoyin baya na hannu masu sauran rai.

"Injin fa, Hajiya? Birki mai kyau a motar da ba ta tafiya, ai kamar a saya wa mara lafiya takalmin gudu ne."

"Bar injin yadda yake. Ba so nake wani ya mutu ba. So nake ya daɗe yana jin jiki."

Bakanike ya dube ta ta ƙasan ido, ya ci gaba da ɗaure noti, bai ƙara tambaya ba. Amma da Yaya ya aiko wani abokinsa ya bugi cikin bakanike, ko gaskiya ne an kashe wa jar mota kuɗi, sai ya amsa da abin da ya sani, cewa shi da hannunsa ya sa mata sababbin kaya, kuma matar ba ta yi ciniki ba.

Ba a jima ba Yaya ya kira.

"Auta, ya gida? Ya Mai Hoto? Na ga kuna ta yawon duniya."

"Muna taɓawa, Yaya."

"Dama tunani na yi. Motar nan ba ta dace da mai iyali ba. Kujera biyu, ina za ku sa yara? Ga shan mai. Ni tausayin mijinki nake ji, na ji an ce aikin waje ya tsaya masa. In kuna so, ku kawo ta in mayar muku da bas ɗinku."

"Kai Yaya, mun saba da ita fa. Ga masu hoto."

"Har da abin da kuka cika min zan dawo muku da shi."

Auta ta yi shiru yadda zai ji kamar tana jin zafin rabuwa. Ta san lissafin da yake yi. A ganinsa wawan surukinsa ya zuba wa injin abin da ya ninka wannan, yanzu shi zai karɓi gyararriyar mota a tsohon farashi.

"Sai dai a gaban Umma," ta ce. "Kada gobe a ce wani ya cuci wani."

"Da safe zan zo shagonku in ganta."

"Da safe akwai masu hoto. Kuma me za ka gani, Yaya? Ai motarka ce, ka san ta. Ko akwai abin da take yi da safe?"

Ta ji numfashinsa a waya.

"Babu," ya ce. "Me za ta yi?"

"To mu haɗu da yamma."

Ranar, tun da rana tsaka ta sa aka tayar da motar. Ta yi tari, ta yi aman farin hayaƙi har mai walda ya fito yana fifita da kwali, sannan a hankali ta daidaita ta koma gurnani mai daɗi. Auta ta cika lagireto da ruwa. Ta goge bayan murfin baƙin mai. Daga nan ta zauna a kujerar direba, ta buɗe jakarta, ta warware takardar nan. Salatif ɗin bai rasa danƙonsa ba. Ta manna shi a inda aka ɓare shi, ta danne da yatsa, jar fitilar ta ɓace.

Mai Hoto yana tsaye a bakin ƙofa yana kallonta.

"Kayansa ne," ta ce. "Yadda ya ba mu zan mayar masa, ba ragi ba ƙari."

Suka isa gidan Umma, ita da mijinta a jar mota, a hankali, suna hawa tudun rage gudu a karkace. Yaya yana ƙofar gida. Auta ta fito tana kaɗa mukulli.

"Ka taki sa'a, Yaya. Yanzun nan muka dawo da ita daga unguwa."

Wani abu ya gilma a fuskarsa. Ya ɗora tafin hannu a kan murfin injin, ya ji ɗumi, ya janye. Ya zagaya baya ya ga tayoyi, ya leƙa ya ga sabon birki yana ƙyalli, fuskarsa ta saki. Ya sunkuya zai leƙa salansa, sai ga Umma ta fito tana gyara mayafi.

"Me kake nema a ƙasa, Babba?"

"Ba komai, Umma. Ina duba fenti ne."

Mai Hoto ya yi gyaran murya.

"Yaya, ni dai ina so in sauke nauyi. Birki da taya kawai muka taɓa. Injin nan yadda ka ba mu yake, ba mu buɗe shi ba. Hotunan nan kuma da kake gani, aikin shago ne."

Yaya ya dube shi, ya dubi Auta. Ita ta sunkuyar da kai, ta ɗan harari mijinta kamar wadda aka ɓata wa shiri. Tana ganin yadda abin yake juyawa a kan Yaya. Ko dai surukin nan gaskiya yake faɗa, ko kuma ya ji zafin rabuwa da motar ne yana so ya tsorata shi. Hanyar sani ɗaya ce, ya buɗe murfin baƙin mai, ya kankare gilashin dashbod, ya ce a bar ta ta kwana a tayar da safe. Kuma duk wanda ya yi haka ya san abin da yake nema.

Umma ce ta raba gardamar.

"To ai shi ke nan. In yadda ya ba ku take, lafiyarta ƙalau ke nan. Ko ba haka ka rantse min ba, Babba?"

"Haka ne, Umma."

"Yaya, ka ɗan zaga da ita mana ka ji," in ji Auta. "Ka ɗauki Umma. Tunda aka sayi motar nan ba ta taɓa shiga ba."

"Ni? A wannan abin da yake kwance a ƙasa kamar tabarma? Gwiwoyina fa?"

Amma ta ji daɗi. Auta da mijinta suka riƙe ta ta zauna, ta ƙanƙame jakarta a ƙirji tana addu'a. Yaya ya tayar, motar ta amsa nan take. Auta ta ga idonsa ya sauka a kan dashbod, ya tsaya a kusurwar nan. Ta ga yatsansa ya bar sitiyari ya nufi gilashin.

"Babba, riƙe abin nan da hannu biyu," in ji Umma. "Me kake taɓawa?"

"Ƙura ce, Umma."

Ya mayar da hannunsa. Suka zaga layi suka dawo, Umma tana dariya kamar yarinya, tana cewa ashe haka masu kuɗi suke ji. Injin yana gurnani lafiya lau. Yaya ya fito ƙirji a gaba. A falon Umma aka yi musayar takardu da mukullai, ya mayar musu da abin da suka cika masa, yana yi yana yi wa Mai Hoto nasiha a kan mutum ya san matsayinsa. Umma ta sa musu albarka, ta ce yau za ta yi barci mai daɗi tunda 'ya'yanta sun shirya.

Bas ɗin tana warin fenti, an fasa mata madubi ɗaya, an tsaga kujerar baya. Mai Hoto ya zauna a sitiyari ya shafa shi kamar kan ɗansa. Ya murɗa mukulli ta tashi da tsohuwar muryarta.

Bayan kwana kaɗan aka kira shi ɗaukar hoton buɗe wani sabon kanti a ɗaya gefen gari. Suka loda fitilu da labule da sanduna tun da hantsi, Auta ta zauna a gaba da kwamfutarta a cinya. A babbar mahaɗa suka tarar da cunkoso, motoci suna ta hon suna kauce wa wani abu. Da suka matso sai ga shi.

Jar motar tana tsakiyar hanya, tururi yana tashi daga gabanta. Yaya yana tsaye cikin fararen kaya, ya riƙe murfin injin da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana kare fuska. Masu talla sun kewaye shi, wasu suna ba shi shawara, wani saurayi yana ɗaukarsa da waya.

"Tsaya," in ji Auta.

Mai Hoto ya dube ta da mamaki, ya gangara gefe. Ta buɗe bayan bas ta ciro jarkar ruwan nan da mijinta ya sha yawo da ita. Tun ranar musaya ta cika ta ta ajiye. Ta ratsa motoci ta dire ta a gaban ƙafar yayanta.

"Sannu, Yaya. Wannan ma cikin kayan motar take, mun manta ba mu haɗa maka ba. Ka bari ta huce kafin ka buɗe lagireto, kada ta ƙona ka."

Gumi yana bin wuyansa. Ya dube ta kamar yau ya fara ganinta.

"Kin sani," ya ce a hankali. "Ke kika mayar da shi."

"Na mayar da me, Yaya?"

Ya sauya hannun da yake riƙe murfin da shi. Ta ci gaba.

"In akwai abin da ka sani game da motar nan, mu je gaban Umma ka faɗa, ni ma in ƙaru. Ni dai abin da na ji daga bakinka, lafiyarta ƙalau. Wataƙila hannu take so." Ta gyara rataye jakarta. "In gyaran ya yi maka nauyi, ka turo ta ƙofar shagonmu. Muna biyan haya a kan kowane hoto."

Ta juya ta koma bas. Mai Hoto yana ta leƙen madubin da ya rage.

"Ko in je in riƙe masa murfin?"

"Za mu yi latti. Mutane suna jiranka."

Ya sa giya. Bas ta shiga hanya, sandunan fitilu suna karo da juna a baya. Auta ba ta waiwaya ba. Ta buɗe kwamfutarta ta shiga goge hoton tafki da na duwatsu, don a samu wurin hotunan aikin yau.